Sabon babur ya lalace, dila ya ƙi garanti: Wa doka ta ɗora wa asarar?

A ƙasan rasitai da yawa da ake yankewa a kasuwanninmu akwai wani layi da ake bugawa da ƙananan haruffa, galibi da Turanci, wanda ma'anarsa ita ce kayan da aka saya aka fita da su ba a dawo da su. Mai saye yakan ninke takardar ya jefa aljihu bai ko kula ba. Sai ranar da sabon babur ɗin da bai cika wata guda a hannunsa ba ya fara hayaƙi, ko giya ta riƙa zamewa, ya tura shi zuwa shagon da ya saya, sannan za a ɗora masa yatsa a kan layin a ce masa ciniki ya riga ya ƙare. Mutane da dama sun ɗauka wannan layi doka ce, alhali tun farkon shekarar 2019 dokar ƙasa ta rushe shi, ta kuma ɗora wa mai sayarwa wani nauyi da diloli da yawa ba su san yana wuyansu ba, ko kuwa sun sani sun yi gum.

Batun ya ƙara nauyi ne saboda abin da babur ya zama a 'yan shekarun nan. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, Dalar da hukuma ke sayarwa a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Da yake daga Indiya da China ake shigo da akasarin baburan da muke hawa, farashinsu ya bi Dala. Sabon Bajaj Boxer ya tsallake Naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da Gwamna Uba Sani ya amince da shi a Jihar Kaduna a ƙarshen 2024 kuwa Naira 72,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa na kusan wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan guda.

A unguwa irin Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, babur jari ne kuma ƙafa ne. Shi ne ke kai malamin makaranta wurin aiki, shi ne ke ɗauko wa ɗan kasuwar Barci da na Bakin Dogo kaya, shi ne ke zirga-zirga da masu walda da maƙeran Panteka, da ma'aikatan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Asibitin Yusuf Dantsoho. Wanda ya ga yadda harkoki suka tsaya lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana hawa babur na tsawon wata uku a ƙarshen Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, ya san matsayinsa a rayuwar birnin. Da yawa daga masu saye da kuɗin adashi suke saye, ko da bashin ƙungiyar ma'aikata da ake yanka a albashi. Idan babur ya tsaya, bashin bai tsaya ba.

Yadda taƙaddamar ke farawa

Salon rigimar kusan iri ɗaya ne. Mai saye zai ce, “Alhaji, babur ɗin nan ko wata bai yi ba, ga shi yana zubar da baƙin mai.” Dila zai duba ya ce, “Malam, ai lafiyarsa ƙalau ka fita da shi.” Daga nan sai a kawo ɗaya daga cikin hujjoji huɗu: ko an faɗi da babur ɗin, ko ba a yi juyen mai a kan lokaci ba, ko an kai wa wani bakanike ya buɗe injin, ko kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Kowace daga cikin waɗannan hujjoji tana iya zama gaskiya. Sabon inji yana buƙatar lallaɓawa a kilomitocinsa na farko, kafin fistin da ringi su zauna, kuma juyen mai na farko yana da muhimmanci domin shi ke wanke ɓarɓashin ƙarfen da sabon inji ke fitarwa. Wanda ya ɗauki sabon babur ranar da aka haɗa shi ya aza masa buhuna ya nufi Zariya a guje, ya zalunci injin. Sai dai kasancewar hujja tana iya zama gaskiya bai sa ta zama gaskiya a kan wannan babur ɗin ba. Tambayar da ake jayayya a kanta ɗaya ce: aibi ne da babur ya zo da shi, ko ɓarna ce da ta same shi a hannun mai saye? A yadda kasuwa ke tafiya yanzu, dila ne wanda ake ƙara, shi ne mai shaida, kuma shi ne alƙali.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba. Babura da yawa a kwali suke isowa Arewa, a warwatse, bayan doguwar tafiya a tirela daga Legas. A bakin shago ake haɗa su, sau da yawa samari ne da ake biya gwargwadon yawan baburan da suka haɗa, don haka sauri shi ne riba. Notin da ba a ɗaure da kyau ba, wayar da ta matse a ƙarƙashin tanki, sarƙar da aka ja ta yi tauri, ko tankin da ya lotse a hanya, duk ba laifin masana'anta ba ne, kuma ba laifin mai saye ba ne. Kamfani zai ce ba daga gare shi ba ne, dila zai ce kamfani ya ƙi karɓa, mai saye kuma ya koma gida da babur a hannu yana turawa.

Garanti biyu ne

Abin da ya kamata kowane mai saye ya fahimta shi ne garanti iri biyu ne a kan babur ɗinsa. Na farko shi ne na kamfani, wanda ke cikin ɗan littafin da ke zuwa da babur. Wannan alkawari ne da kamfani ya ɗauka don raɗin kansa, shi ya tsara sharuɗɗansa: adadin watanni ko kilomita, wuraren da za a riƙa kai babur sabis, da kayan da ba su shiga ciki ba, kamar taya da fulogi da ƙwan fitila da sauran abubuwan da amfani ke cinyewa. Idan dila ya ce garanti ya faɗi, wannan yake nufi.

Na biyu shi ne wanda doka ta bayar, ko an rubuta a rasit ko ba a rubuta ba. Yana cikin Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, kuma ita ce ta kafa Hukumar FCCPC a madadin tsohuwar Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin ya samu kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi, waɗanda za su jure amfani na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ce idan kaya suka gaza wannan ma'auni, mai saye yana iya mayar da su ga wanda ya sayar masa cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa. Daga nan wajibi ne mai sayarwa ya yi ɗaya daga cikin uku: ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi.

Sashen da ya fi shafar rigimar babur kuwa shi ne na 145. Ya ce idan aka yi zargin kaya suna da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar da su. Wannan ya juya tsarin da muka saba da shi. A kasuwa, mai saye ne ake cewa ya tabbatar bai faɗi da babur ba, abin da kusan ba zai yiwu ba, domin ta yaya mutum zai nuna shaidar abin da bai faru ba? A doka, dilan da ya ce an buga babur ne zai nuna wurin bugun, ya kuma nuna yadda bugun ya haifar da matsalar da ake kuka da ita. Ƙarzuwar fenti a salansa ba ta bayyana dalilin da ya sa giya ke zamewa.

Dokar ta kuma toshe ƙofar da layin ƙasan rasit ke bi. Sassa na 127 da 129 sun haramta sharuɗɗan ciniki na zalunci da waɗanda ke neman tauye haƙƙin da dokar ta bai wa mai saye. An gwada wannan a kotu. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya ya shigar a kan kamfanin sufuri na Peace Mass Transit, inda ta ce tsarin “ba a mayar da kuɗi” ya saɓa wa dokar, ta kuma umarci kamfanin ya biya diyyar Naira 500,000. A kan tikitin mota aka yi shari'ar, amma dokar da ta yi aiki a can ita ce ke aiki a kan babur a Tudun Wada. Haka nan wanda ya sayi babur don neman abinci da shi bai fita daga kariyar ba, domin ma'anar mai saye a dokar ta haɗa da duk wanda ya sayi kaya ba don ya sake sayar da su ba.

Inda dila ke da gaskiya

Adalci ya buƙaci a saurari ɗaya ɓangaren. Doka ba ta ce a biya wa kowa gangancinsa ba. Babur ɗin da aka yi karo da shi, ko aka bar shi ba mai har injin ya buga, asararsa tana kan mai shi. Diloli suna kuka da masu sayen da ke cire sababbin kaya su maye da tsofaffi sannan su dawo da babur, da waɗanda ke ɓoye faɗuwa. Ƙaramin dila kuma ribarsa a kan kowane babur ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da kuɗin da ya zuba, ga shi a lokacin da Naira ke tangal-tangal, kuɗin da ya sayar da babur yau ba lallai ne su sayo masa wani gobe ba. Idan babban dila ya ƙi karɓar abin da aka dawo da shi, babur guda yana iya cinye ribar babura masu yawa.

Amma maganin wannan kuka yana sama ne, tsakanin ƙaramin dila da babban dila da kamfanin da ya shigo da kayan. Su ne suka san juna, su ne ke da yarjejeniya a tsakaninsu. Mai saye shago ɗaya ya sani, a can ya ƙirga kuɗinsa, kuma can doka ta ce ya koma. Tura asarar zuwa ga wanda ya fi kowa rauni a cikin jerin ba adalci ba ne.

Hujjar “ka kai wa bakanike” ita ma tana buƙatar a auna ta. A Amurka, dokar garanti ta Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai mai kaya ya je wurin bakaniken da ba nasu ba, sai fa idan aikin bakaniken ne ya jawo lalacewar. Ma'auni ne na hankali. Wanda ya ɗaure birki a bakin Titin Poly bai taɓa injin ba. Duk da haka, wanda ya bari aka farke sabon inji kafin dila ya gani, ya ɓata hujjarsa da hannunsa.

Ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu

Wani zai ce wannan dokar Abuja ce, al'adar kasuwarmu kuwa ita ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma karin maganar a kan aibin da yake a fili take magana. Aibin da yake ɓoye hukuncinsa daban ne, kuma tun kafin zuwan Turawa alƙalan ƙasar Hausa suke yanke shi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zauruka, irin su Risala da Muhtasar, sun yi bayani a kan zaɓin da mai saye ke da shi idan ya tarar da tsohon aibi a abin da ya saya: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Sun haramta ɓoye aibi, kuma idan aka yi gardama a kan ko aibin tsoho ne ko sabo, ana neman shaidar masana sana'ar. Dillalan dabbobi da na goro sun san wannan tun kaka da kakanni. Abin da dokar 2018 ta ƙara shi ne wa'adi, da hukuma, da hukunci: sashe na 155 ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar ko tarar da za ta iya kaiwa Naira miliyan 10 ga mutumin da ya tauye haƙƙin mai saye, kamfani kuma tararsa ta fi haka nesa ba kusa ba.

Me ya hana haƙƙin isa kasuwa?

Na farko rashin sani. Dokar da Turanci take, littafin garanti da Turanci yake, layin ƙasan rasit ma da Turanci yake, alhali da Hausa ake cinikin. Sashe na 114 ya ce a yi wa mai saye bayani ta hanyar da zai fahimta, amma da wuya ka ga ko allo guda da Hausa a layin masu babura yana faɗa wa mutane haƙƙinsu.

Na biyu nisa. Hukumar FCCPC, wadda Tunji Bello ke shugabanta tun 2024, ta nuna tana da haƙora lokacin da ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun musamman ta sauraron irin waɗannan ƙararraki kuma ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Tana karɓar ƙorafi ta intanet. Sai dai mutumin da babur ɗinsa ke jingine a zaure yana buƙatar wanda zai taka zuwa shagon ya duba injin.

Na uku gajartar wa'adi. Wata uku ba su da yawa, musamman idan dila ya iya “dawo gobe” da “muna jiran amsar Legas.” Dokar Afirka ta Kudu ta 2008, wadda tamu ta yi kama da ita ƙwarai, wata shida ta bayar, kuma mai saye ne ke zaɓar gyara ko canji ko kuɗi. A Birtaniya, dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya masu aibi ya karɓi kuɗinsa cif, kuma aibin da ya bayyana cikin wata shida ana ɗaukarsa da shi kayan suka zo sai in mai sayarwa ya tabbatar da akasi. A Tarayyar Turai garantin doka shekara biyu ne. Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana da abin dubawa a nan.

Na huɗu, bin hanyar da ba ta ɓullewa. Da rai ya ɓaci sai a nufi caji ofis, alhali sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ana ɓata kwanaki da kuɗi, a ƙulla gaba, babur yana nan yadda yake.

Abin da ya kamata a yi

Rigakafi yana farawa ne a bakin shago. Sashe na 121 ya ba mai saye damar duba kaya kafin ya biya, sashe na 118 kuma ya wajabta a ba shi rasit. Kada a yi cinikin biri a sama: a tsaya a ga haɗa babur ɗin, a je da bakaniken da aka yarda da shi, a tayar da injin a saurare shi. A tabbata rasit yana ɗauke da kwanan wata da sunan shago da lambar inji da ta bodi, a kuma sa dila ya buga hatimi a littafin garanti. A ɗauki bidiyon babur ɗin da waya ta kowace kusurwa kafin a fita da shi. Wanda ƙungiya ko ubangida ya sayo masa ya nemi kwafin takardun. Duk juyen mai da aka yi a rubuta ranarsa da kilomitarsa.

Idan matsala ta bayyana, a daina hawa nan take, kada a bari kowa ya buɗe injin. A sanar da dila a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne, domin kwanan watan saƙon shi ne zai nuna an yi kuka cikin wata ukun. Idan ya ƙi, a nemi ya rubuta dalilinsa. Dila da yawa sukan sake tunani idan aka ce su sa hannu a kan zargin da suka faɗa da baki. Daga nan sai babban dila ko ofishin kamfanin, sai shugabannin kasuwa, sai Hukumar FCCPC. Sashe na 146 ya kuma bar ƙofar kotu a buɗe ga wanda ya ga dama.

Ƙungiyoyin diloli su ne suka fi kowa ikon kashe wannan wuta tun tana ƙarama. Za su iya fito da takardar miƙa babur guda ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda mai saye da dila da wanda ya haɗa za su sa wa hannu bayan an duba kowane sashe. Za su iya amincewa da wasu dattawan makanikai da ba su da alaƙa da kowane shago, su zama masu raba gardama idan an yi saɓani, kamar yadda alƙalan da suke neman masana. Garin da ke da Panteka ba zai rasa masu wannan ido ba. Gwamnatin jiha kuma za ta iya buɗe teburin sauraron koken masu saye a manyan kasuwanni, ta kuma ƙarfafa hanyoyin shari'a masu sauri irin kotunan ƙananan da'awowi da Legas ta fara a 2018, Kano ta bi baya a 2019, inda ba dole ba ne mutum ya ɗauki lauya.

Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Dilan da ya karɓi babur guda ya gyara ba tare da jayayya ba ya sayi amanar layi guda na makwabta da abokan aiki, waɗanda kowannensu zai tambayi inda aka saya kafin ya cire miliyan daga aljihunsa. Mai saye kuma ya riƙe abu guda: wata ukun da doka ta ba shi suna fara ƙirguwa ne daga ranar da ya fita da babur daga shago, kuma alkawarin “dawo gobe” ba ya tsayar da su.